Wasiƙa daga Birmingham: filin da kyamara ke gadi

Assalamu alaikum 'yan'uwana na Sakkwato. Muna lafiya, ni da iyali. Tun da kuka ji na sayi mota, tambayoyinku ba su yanke ba: nawa mai, nawa haya, ya sanyi? Zan taɓa su. Amma bari in fara da wurin ajiye mota, don shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

A Ingila ba mai gadi riƙe da igiya a bakin ƙofa. A benayen ajiye motoci ƙarfe ne ke tare hanya. Ka danna maɓalli, tikiti ya fito, ƙarfen ya ɗaga. In za ka tafi, ka sa tikitin cikin na'ura, ta lissafa awanninka, ka biya da kati. Wannan da sauƙi. Mai wuyar shi ne filin da ba ƙarfe, ba tikiti. Kyamara ce a bisa sanda, tana karanta lambar motarka da lokacin shiga da na fita. Kai ne za ka biya, a na'ura ko ta waya da manhaja irin RingGo, kuma da hannunka za ka shigar da lambar motar.

Nan abin ya same ni. Da dare na kai maiɗakina asibiti, na biya a na'ura, amma cikin ruɗewa na danna sifiri a gurbin harafin O. Ba a yi sati biyu ba takardar tara ta iso har gida: fam 100, ko fam 60 in na biya cikin kwana 14. Adireshin mai mota daga hukumar rajistar motoci ta DVLA kamfanonin da ke kula da filayen ke samunsa, a kan fam 2.50. Na rubuta ƙorafi, na tura rasit, na yi wata guda ina jira kafin a janye tarar. Abin da ya fi yi mini zafi, duk tsawon lokacin ban ga fuskar mutum ɗaya da zan yi wa bayani ba. Sai na tuna yaran da ke tsare motoci a bakin Babbar Kasuwa, waɗanda in sun ga ka zo da uzuri za su ce, "Alhaji, wuce, Allah ya sawwaƙe."

Sai dai gaskiya, rasit ɗin nan shi ya cece ni. Mu a gida sau nawa ake rikici kan nawa aka ce, wa ya karɓa?

Kawu, kan filin da kake son buɗewa kusa da Kasuwar Daji: ka kafa allo a rubuta farashi ɓaro-ɓaro, a riƙa ba kowa rasit mai lambar mota da lokacin shiga, a ajiye POS. In za ka sa ƙarfe mai ɗaga kansa, haɗa shi da sola, kuma ya zama ana iya ɗaga shi da hannu, ka san ƙurar hunturu da na'ura. Don Allah kada ka sallami mai gadin.

Sanyi kuwa yana nan, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya shiga. Maganar mai da haya sai wasiƙa ta gaba. A gaishe mini da Inna.