Makon da na cire daga kwas ɗina

Har gobe idan na tuna da Asabar ɗin nan a kasuwar hatsi sai raina ya ɓaci, kuma ba kowa nake jin haushi ba sai kaina.

Ina koyar da 'yan aji uku kwas ɗin hulɗar ɗan'adam da kwamfuta, wato tsara fuskar manhaja yadda mutum zai yi aiki da ita bai sha wuya ba. Da aka janye yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a Oktoban 2022, sai aka matse zangon karatu, kowane malami ya shiga neman abin da zai rage. Dokar Fitts ta 1954, mai bayanin yadda girman maɓalli da nisansa ke shafar saurin taɓa shi, ban taɓa ta ba, haka ƙa'idoji goma na Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, don su ne ke fitowa a jarrabawa. Abin da na cire shi ne mako na uku, wanda nake tura ɗalibai su je su zauna da mutanen da za su yi wa aikin. Na ce kowa ya gwada da abokan karatunsa, ai duk mutane ne.

Wani rukuni na mutum shida ya zaɓi manhajar rubuta bashi don ƙananan 'yan kasuwa. Dabarar ta zo a kan gaɓa, domin a farkon 2023 takardun naira sun yi wuya, ciniki ya koma taransifa da "rubuta mini". Suka zana a Figma, manhajar da ake zana fuskar manhaja da ita, suka gina ta a Android, suka gwada da mutum biyar, tunda na koya musu lissafin Nielsen cewa biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsaloli. Abin da ban jaddada ba shi ne biyar ɗin su fito daga cikin waɗanda za su yi amfani da abin. Nasu biyar ɗin duk 'yan sashen kwamfuta ne. Na gani, na yaba, na ba da maki.

Saura mako biyu a gama, wata ɗaliba ta ce, "Malam, kawuna yana sayar da hatsi, ko za mu kai masa ya gani?"

Mun tarar da shi a bakin rumfa, rana ta take. Ya karɓi wayar ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu, ya kāre ta da hularsa. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, a ajinmu gwanin kyau, a nan ko alamarsa ba a gani. Na sha faɗa musu a lacca cewa bambancin hasken rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, amma lamba ce kawai a allo, ba wanda ya taɓa fita da waya cikin rana.

Muka koma inuwa. Shafin farko ya nemi cikakken sunan mai cin bashi da lambar wayarsa, kuma ba ya wucewa sai an cike. Ya dubi ɗalibar ya ce, "'Yata, matar mai shayi fa? Shekara nawa tana karɓar gero a nan, ban taɓa tambayar sunanta ba." Sai gurbin kuɗi. Nan ma ya tsaya. Ya jawo littafinsa daga bayan buhu, duk da ajami: wane kwano uku, wance tiya biyu. Ba ya rubuta naira ga waɗanda ya saba da su, awo yake rubutawa, ranar biya a yi lissafi da farashin da aka yi magana. Manhajar gaba ɗaya a kan naira aka gina ta, tun daga rumbun bayanai.

Da ya so fita, ya karanta maɓallin ƙasa a hankali, sai ya janye yatsa. An rubuta "Fasa". "Me kuma zan fasa?" in ji shi. Yaran dainawa suke nufi, shi kuwa fashewa ya karanta, kuma da gaskiyarsa, rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Minti goma bai cika ba ya miƙo wayar, ya sa musu albarka.

A mota ba wanda ya ce uffan. Yaron da ya rubuta yawancin manhajar, wanda na san ya yi ta kwana a kanta, ya jingina kai da gilashi har muka iso. Abin da ya fi ci mini rai, a takardun makon nan da na cire akwai aikin Indrani Medhi, mai binciken da ta yi aiki a Microsoft a Bangalore ta Indiya, wadda ta daɗe tana gwada fuskokin da ke aiki da hoto da murya ga waɗanda ba su yi karatu ba. Da sun je kasuwa tun a mako na uku, da wuni ɗaya ya ishe su ganin littafin nan kafin su rubuta layi guda.

Ban rage musu maki ba, don umarnina suka bi. Na gaya musu haka a gaban aji.

Yanzu ko zango ya koma mako takwas, lacca nake ragewa. Ba na barin kowa ya buɗe Figma sai ya kawo mini abin da ya gani da idonsa: me mutumin ke amfani da shi yau, da wane hannu yake riƙe waya, a rana ko a inuwa. Zanen farko a takarda ake yi, a kai masa ya danna da yatsa yana faɗin abin da ke ransa, ɗalibi kuma ya kame bakinsa, kada ya nuna masa inda zai taɓa. Wannan kamun bakin shi ya fi ba su wuya. Gwaji da ɗan sashenmu kuwa ba na ƙirga shi.

Rukunin nan sun sake gurbin suna ya karɓi laƙabi ko murya, maɓallin ya koma "A bari". Batun kwano da tiya lokaci bai ba su ba, haka suka miƙa aikin.