Idan Ƙwararren Yaro Ya Fara Tunanin Barin Shago

Shagona na ɗinki yana Agege, kuma aikinmu babbar riga ce da kaftani da surfanin hannu, irin wanda ake zama a kansa makonni kafin a ce an gama. Masu kawo mana aiki sun haɗa da 'yan uwanmu na Idi-Araba da kasuwar Mile 12, da kuma Yarbawa masu son agbada mai aikin Arewa a ƙirji. Duk wanda ya riƙe irin wannan shago a Legas ya san cewa riƙe ƙwararren yaro ya fi samun mai kawo ɗinki wuya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na man janareta suka tashi, faɗuwar naira kuma ta ɗaga farashin shadda da zare. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ta jihar Legas kuma ta kai nata 85,000. Yaron da ake biya gwargwadon rigar da ya gama yana jin waɗannan alƙaluma a rediyo, ya duba abin da yake tashi da shi a watan da babu biki babu Sallah, dole zuciyarsa ta raya masa wani abu. Haka ɗaya daga cikin waɗanda na fi ji da su ya same ni bayan sallar Isha'i ya ce, "Maigida, wallahi ba raini ba ne, abin ne ba ya isa." An yi masa tayin albashin wata a wani shago mai injin surfani na kwamfuta.

Ban yi fushi ba, domin gaskiya ya faɗa, kuma ni ma na taɓa zama a inda yake. A Zariya na koyi aikin nan, a zauren wani dattijo wanda abin da yake ba mu bai wuce tuwo da kuɗin sabulu ba. Shi ne yake shimfiɗa ƙyalle a kan cinyarsa ya zana aska takwas, wato zanen surfanin gaban babbar riga mai siffar asake, ba tare da ma'auni ba, asaken su fito a jere, kowace ta fi ta gefenta tsini yadda ya kamata. Idan ka kawo masa aikinka, fuskar ba ta dame shi ba, sai ya juya bayan ƙyallen ya bi shi da ɗan yatsa, in ya ji ƙulli ko wurin da zare ya yi sako-sako, ya miƙo maka reza ka warware aikin yini guda. Abokan koyona da dama sun gudu, wasu da hujja mai ƙarfi. Ni na zauna ne saboda kowane wata akwai abin da hannuna yake ƙaruwa da shi, kuma ban nemi sallama ba sai da na ga ya daina juya bayan aikina.

Da wannan na auna maganar yaron nan. Hannunsa a allura ya faɗa, cikonsa yana kwanciya lumui, amma har yanzu bai iya zane ba, bai kuma iya yanka wuyan babbar riga yadda linzami, wato adon da ke ƙasan wuyan rigar, zai zauna daidai a ƙirjin mai ita ba. A shagon kwamfuta aikinsa zai zama ɗaura ƙyalle da canza zare, gwanintar kuma ta injin ce, ranar da aka samu wanda zai karɓi ƙasa da albashinsa a sallame shi. Waɗannan masu injin su ne suke ɗaukar hoton rigar da muka yi wata guda a kanta a wurin ɗaurin aure, su buga ta cikin sa'o'i, su ce aikin Zariya ne. Wanda yake so ya gane sai ya juya bayanta, zai tarar da takardar da aka liƙa don ta riƙe zaren, zai kuma ji aikin ya sandare kamar kwali. Sannan mai riga ya zo mini da farashinsu a baki yana cewa, "Haba Malam, can an ce mini rabin haka." Shaddar ma da yake riƙe da ita sau da yawa ta jabu ce, an buga mata tambarin Getzner, wanki ɗaya ƙyallinta ya tafi.

Duk da haka ba ni da ikon riƙe magidanci da daɗin baki. Haya a garin nan ta shekara ake biya gaba ɗaya, iyaye a gida suna jiran aike, kuma na san masu shagon da suke ta cewa yaransu "a yi haƙuri sai bayan Sallah" har Sallah ta zo ta wuce. Akwai bambanci tsakanin shagon da kasuwa ta ja masa baya da wanda ya kama hanyar mutuwa. Idan maigida ya fara sayar da keken ɗinki, ko yana cinye kafin alƙalamin mutane kafin ya yanka yadinsu, ko yana ɓoye wa yara kuɗin da aka biya a kan aikin da suka yi, to wanda ya tafi ya yi wa kansa adalci. Sai dai a duba inda za a sa ƙafa. Na ga yaran da suka ajiye allura suka kama acaɓa, sai ga dokar hana babura a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022, suka dawo hannu ya riga ya yi nauyi. Tafiyar ma tana da ladabinta: ba a tafiya a tsakiyar azumi lokacin da aiki ya taru, ba a barin riga rabi, ba a kuma kwashe lambobin mutanen maigida a tafi da su.

Mun daidaita a kan zai zauna zuwa bayan Babbar Sallah. Na fara sa shi zane da yanka a gabana, na kuma ba shi damar karɓar aikinsa na kansa ya yi a kan kekena da yamma, kuɗin duk nasa. In lokacin ya yi ya ga tafiya ce ta fi masa, zan sallame shi da addu'a da almakashi. A yanzu yana kan wata aska biyu a kan farar shadda, wadda shi ya zana ta da hannunsa. Masu son rigar Sallah kuma su kawo yadinsu kafin azumi ya kama, domin idan wata ya tsaya ba ma karɓar aikin hannu.