Bin sawun labarin zane daga mujalla zuwa kundi

Tambayar da ta fi zuwa mana iri ɗaya ce: “Ina da wannan kundin da wancan, in na sayi na uku, maimai zan yi ko cike giɓi?” Amsa ta ita ce sana'armu. Muna riƙe da rajistar labaran zane masu dogon zango, irin waɗanda aka shafe shekaru hamsin, sittin, har tamanin ana fitar da su wata-wata, muna nuna wane labari aka sake bugawa a wane kundi, a wane shafi, cikakke ne ko an gutsure shi. Masu sayar da littattafai, ɗakunan karatu da masu tara kundaye su ne ke neman wannan bayani, don kundin nan ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, kuma bayanin da ke bayan bango ba kullum yake faɗin komai ba.

Abin da sabon ma'aikaci ke fara koya shi ne, a rajista kowane layi na labari guda ne. Mutane sun saba ƙirga da lambar fitowa, amma fitowa ɗaya tana iya ƙunsar labarai huɗu ko biyar. Mujallar Amazing Fantasy ta 15, ta shekarar 1962, wadda Spider-Man ya fara bayyana a cikinta, labarinsa shafi 11 ne kacal, sauran gajerun labarai ne da ba su shafe shi ba. Detective Comics ta 27, ta 1939, shafi 6 ta ba Batman. Kundi zai rubuta a bayansa cewa ya ƙunshi wannan fitowa, alhali waɗannan 'yan shafukan kawai ya ɗauko. Wanda ya shigar da lambar fitowa ya wuce, ya rubuta abin da ba haka ba.

Don haka kowane labari muna ba shi lambar kansa, sannan a cike masa gurabe: sunan mujalla, shekarar da zubin ya fara (zubi shi ne jerin fitowa da ya faro daga lamba 1), lambar fitowa, matsayin labarin a ciki, adadin shafi, marubuci, mai zane, mai bin zanen da tawada. Kundaye suna da nasu jadawalin daban, mai ɗauke da suna, lambar ISBN (lambar shaidar littafi), shekara, bugu na nawa, da ko mai launi ne ko baƙi da fari. Jadawali na uku ne ke haɗa biyun, kuma a nan aikin yake: labari kaza yana kundi kaza, daga shafi kaza zuwa kaza, ga abin da aka canza.

Shekarar fara zubi ba ado ba ce. The Amazing Spider-Man tana da fitowa mai lamba 1 a 1963, da wata a 1999, da 2014, da 2015, da 2018, da 2022. Zubin farko ya tsaya a ta 441, aka koma 1, aka tafi har 58, sai wadda ke bi mata a 2003 aka liƙa mata 500, don an haɗa tsohon lissafi da sabo. Kamfanin DC ma ya mayar da mujallunsa zuwa lamba 1 a 2011, sannan a 2016 Action Comics ta koma tsohon ƙidaya daga 957, Detective Comics daga 934. Idan mai saye ya ce yana neman “ta 12”, sai an tambaye shi ta wace shekara. Muna ajiye gurabe biyu, lambar da aka buga a bango da lambar jimla, kuma sunan mujallar muna ɗauko shi ne daga ƙananan rubutun bayanin ɗab'i da ke ciki, don sunan bango yakan sha kwaskwarima ba tare da sunan hukuma ya canza ba. Mujallun Amurka na da kuma sukan fito kasuwa wata biyu ko uku kafin watan da ke rubuce a bango, shi ya sa kwanan wata ma gurbi biyu ne.

Inda kai ke ɗaukar zafi shi ne labarin da ya ratsa mujallu da yawa. Labarin Spider-Man mai suna Kraven's Last Hunt na 1987 kashi shida ne, ya fara a Web of Spider-Man ta 31, ya shiga Amazing ta 293, sai Spectacular ta 131, ya dawo Web ta 32, Amazing ta 294, ya ƙare a Spectacular ta 132. Wanda ke bin Amazing ita kaɗai zai sami kashi na biyu da na biyar, ba farko ba ƙarshe. Irin wannan muna ba shi lambar dunƙule, kowane kashi kuma ya ɗauki jerinsa, ta yadda da an duba kundi za a ga ko shida ya kawo ko biyu. Fitowar shekara-shekara da fitowa ta musamman su ma haka suke ɓacewa, wani kundin ya sa su a tsakiya inda labarin ya dace, wani ya tura su ƙarshe, wani ya bar su baki ɗaya.

Akwai giɓin da ba kuskure ba ne, na haƙƙin mallaka. Marvel, kamfanin da ke buga Spider-Man, ta taɓa aron jarumai daga wasu kamfanoni, da yarjejeniyar ta ƙare sai sake buga su ya haramta mata. Shi ya sa kundin mujallar Marvel Two-in-One na jerin kundayen Essential ya tsallake ta 21 mai Doc Savage, da ta 99 mai Rom. Mai saye yakan zata littafinsa ne ya zo da nakasa. A rajistarmu ba ma barin irin wannan gurbi fayau, muna rubuta “an tsallake, dalilin haƙƙi”, kuma muna komawa kansa lokaci-lokaci, don yarjejeniya tana sabuntuwa: labaran Rom sun dawo cikin kundi a 2024.

Sai batun ko labarin da aka sake bugawa shi ne ainihin na farko. Classic X-Men, da ta fara a 1986, ta sake buga tsofaffin labarai amma ta cusa sababbin shafuka a tsakiyarsu, ta ƙara gajeren labari a baya. Littafin Tintin na baƙin tsibiri ya fito baƙi da fari a 1938, aka taƙaita shi da launi a 1943, aka sake zana shi ɗungurungum a 1966. Suna ɗaya, abu uku. Wasu kundayen an sake musu launi da kwamfuta, wasu an gyara kalma a bakin jarumi, wasu an share ɗan rubutun edita da ke tura mai karatu wata fitowa. Muna da alamomi biyar na wannan: cikakke, an rage shafi, an ƙara shafi, an sake launi, an taɓa rubutu. Labari ɗaya yana iya ɗaukar uku.

Jerin kundayen kansu kowanne da halinsa. A jerin Marvel, Masterworks, wanda aka fara a 1987, a jere yake kuma da launi. Essential, daga 1996, baƙi da fari ne a takarda mai araha. Epic Collection, daga 2013, lambarsa tana bin tarihin labari ne, fitowarsa kasuwa kuwa a tsallake take, har na 20 na Spider-Man ya riga na 1 fitowa. Iyakokinsu ba sa haɗuwa, don haka wanda ya gauraya jeri biyu da wuya ya tsira daga maimai ko giɓi a mahaɗa. Rabin tambayoyin da muke amsawa a kan wannan mahaɗar suke.

Ba ma shigar da komai a matsayin tabbatacce daga sanarwar kamfani. Sanarwa tana fita watanni kafin bugu, kuma abin da ke ciki yakan canza. Bayani matakai uku yake hawa: an sanar, an gani a jerin abubuwan ciki, an duba da hannu. Duba da hannu yana nufin a ajiye kundi kusa da mujallar asali ko hotonta, a ƙirga shafukan labarin ban da talla da shafin wasiƙu, a gwada zanen farko da na ƙarshe na kowane shafi, a lura da zanen da ya mamaye shafi biyu, don a kundi mai kauri ɗinkin tsakiya yakan haɗiye fuska ko kalma. Kundi mai shafi 500 yana cin yini guda. Rumbunan bayanai irin Grand Comics Database da INDUCKS na labaran Disney muna amfana da su ƙwarai wajen gano inda za a duba, amma in sun saɓa da littafin da ke kan tebur, littafin muke bi, mu rubuta saɓanin a gefe.

Bugu na biyu kuma sabon layi muke buɗe masa ko da lambar ISBN ba ta canza ba, domin a nan ne kamfani ke mayar da shafin da ya faɗi ko ya gyara biyun da aka juya, kuma mai riƙe da bugun farko yana buƙatar sanin wane shafi ne nasa ya rasa.