Lambun buhu a tsakar gida

Maƙwabta masu shuka a buhu, kukan da aka fi yi a unguwa shi ne tumatir ya yi ganye luf-luf, fure ya zube. Yawanci zafi ne. Tumatir ɗan sanyi ne, a dasa shi daga Oktoba zuwa Nuwamba. A Maris da Afrilu gara kuɓewa ko alayyahu.

Wajen cika buhu, ƙasa kwano 2, ruɓaɓɓen kashin awaki kwano 1, yashi kwano 1. A huda gindin buhun wuri 5 ko 6, in ba haka ba ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe. Ɗanyen kashin kaji kam a bar shi ya tsufa tukuna, ƙona shuka yake yi.

Tumatir tushe ɗaya ya ishi buhu, masu cusa uku ba sa samun komai sai kara. Ban ruwa da safe, a gindi. In ƙasan 'ya'yan ya yi baƙi, ruwan ne yau a ba shi gobe a manta.

Ƙwari kuwa, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa ƙarƙashin ganye da yamma.