Hoton da na ɗauka a bayan raga

Ranar Asabar bayan la'asar na je kallon wasan unguwarmu. Ana tashi, golan ɗaya ɓangaren ya zauna jikin tirke ya kifa kai a gwiwa, an zura masa uku. Sai ga ɗan maƙwabcina, yaron da bai wuce shekara 18 ba, ya tsugunna a gabansa da waya yana ƙyaƙyata dariya, yana ce wa abokansa wannan kam sai TikTok. Ban san sanda na damƙi hannunsa ba. Ya ce, "Kawu, lafiya?" Na ce, "Goge." Ya goge yana zumɓura baki. Ban yi masa bayani ba, domin maganar ta fi ƙarfin bakin fili.

A 2013 ne, shekarar da Kano Pillars ta riƙe kofin firimiyar Najeriya karo na biyu a jere. Duk yaron da ke taka leda a Kano gani yake shi ne Ahmed Musa na gobe, tunda shi ma daga Pillars ya tsallaka Turai a 2010. Ni kuwa na haɗa kuɗi na sayi kyamara Canon ta hannu, na zama mai hoton ƙungiyarmu ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Na koyi aikin sosai. Na san rana a baya ake barinta. Na san wasan da aka fara ƙarfe huɗu da rabi, kafin a dawo daga hutun rabin lokaci haske ya fara gudu, musamman in akwai hazo. Na san in ƙiftawar kyamara ba ta kai ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ba, ƙafar ɗan wasa dishi-dishi za ta fito.

Wasan kusa da na ƙarshe muka buga a filin Mahaha. Ana dab da tashi wani ɗan bayanmu ya buga ƙwallo marar ƙarfi, ta bi ta tsakanin ƙafafun golansu. Ina bayan raga. Da alƙalin wasa ya hura tashi kowa ya ruga tsakiyar fili, ni na juya kan golan. Hawaye ya tsaga ƙurar fuskarsa layi biyu. Safar hannunsa ta dama ta yage a babban yatsa, ya naɗe wurin da salatif. Har yau ban ɗauki hoton da ya kai wannan kyau ba. A daren na ɗora shi a Facebook da kalma ɗaya: Kwando. Washegari na wanko shi, aka liƙa a teburin mai shayi.

Sunan ya bi shi. Yara suka riƙa kiransa da shi a lungu, 'yan kallo suna rerawa duk filin da ya je. Kafin damina ya daina zuwa atisaye.

Amma fa su suka fara. Shekarar da ta gabata magoya bayansu sun jefe mu, sun fasa wa wani yaronmu kai, ba wanda ya zo ba da haƙuri. Kuma cikin yaran unguwa nawa ne suke kai ko matakin ƙungiyar jiha? Wataƙila da ma zai bari. Gola ai sai da taurin zuciya. Shekaru na yi ina faɗa wa kaina haka, wani lokacin har in yarda. Sai dai shi bai jefi kowa ba. A 2019 na tare a-daidaita-sahu a Ƙofar Na'isa, ashe shi ne. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Yaya, ai kai ne mai hoto ko?" Na ce ni ne. Ya karɓi kuɗinsa, ya ba ni canji, bakina ya kasa buɗewa.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, ku matasa masu ɗaukar hoto da waya a filin ƙwallo, amma me zan faɗa wa wanda ko wasan ba ya kallo? Kuna tsaye rana a fuskarku, kuna jan hoto da yatsa biyu har ya dagargaje, hankalinku yana kan wa zai danna muku so. Kada ku ɗauki wanda ya faɗi. Ko kuma ku ɗauka, don kuka ma ƙwallo ne, kuma hoton da babu shi ƙarya ne, amma shi za ku fara nuna wa, in ya ce a'a a bari. In kun riƙe kyamara ku cire rigar ƙungiya. Na san wanda ba ya ƙaunar ƙungiyar ba zai san inda ƙwallo za ta faɗo ba, to ku bar ƙaunar a ido, kada ta kai ga abin da za ku rubuta a ƙarƙashin hoto. Kuma ku tura wa yaran nan hotunansu, har na ɗaya ɓangaren. Da yawansu za su gama ƙwallo ba su da ko guda ɗaya suna cikin jesi.

Bayan isha'i 'yata ta miƙo min wayarta. Abokin yaron, wanda ke tsaye a bayansa sanda nake cewa a goge, ya riga ya ɗora nasa.