Asabar a Tawa: zama da masu tsoron amsa kira

Yau dattawan ikilisiya sun haɗa ni da mutum uku da jama'a suka ga alamar baiwa a jikinsu, su kuwa kowa na ja da baya. Akwai saurayi tela da aka ce ya yi wa'azin marecen Laraba, da wata uwa da matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, suka zaɓa ta shugabance su, da malamin lakol da ake so a tura makarantar Littafi Mai Tsarki. Mun zauna da hantsi a rumfa, don ɗakin sujada na kwano ne, tun kafin ƙarfe 10 yake fara gasa mutum.

Dukansu bakinsu ɗaya: "Baba, tsoro nake ji, kuma ban cancanta ba." Irin wannan magana ba na amsa ta da aya nan take. Tsoro iri-iri ne, in ba a rarrabe shi ba sai a ba mutum maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba. Na ba kowa takarda da bik, na ce ya faɗi abin da yake gudun ya faru, ya kira shi da sunansa. Uwar ba ta rubutu da sauri, ita da baki ta faɗa.

Na telan na farko mai sauƙi ne: baki ya bushe, gwiwa ta yi rawa, magana ta ɓace. Wannan na jiki ne, shiri ke rage shi. Mai wa'azin farko ya ɗauki nassi guda, labari mai kai da gindi, aya 8 zuwa 12. Kada ya bi ayoyi daga littafi biyar, nan ake ɓata hanya, yana neman Habakuk jama'a na kallonsa. Magana ɗaya tak zai fitar, wadda zai iya faɗa wa yaro a jimla guda. Ya rubuta jimlolin buɗewa uku da na rufewa biyu kalma da kalma, tsakiya kuwa kanun magana kawai, da manyan haruffa, a fuska ɗaya ta takarda. Wanda ya rubuta komai zai dunƙufar da kai yana karatu, in layi ya kuɓuce masa shi ke nan. Wanda bai rubuta komai ba kuma bai san inda zai tsaya ba, sai ka ji yana "a ƙarshe" har sau huɗu.

Minti 12 ya isa. Mu nan da yake akwai baƙi ma'aikata da ba su jin Hausa, ana fassara da Faransanci, minti 12 na komawa kusan 25, kuma dole a yanka magana gajere-gajere a bar wa tafinta wuri. A ba tafinta nassin kwana biyu kafin ranar. A gwada wa'azin da murya a ɗakin sujada, a tsaye a inda za a tsaya, da mutum ɗaya a bencin ƙarshe yana ɗaga hannu in bai ji ba. A gwada babu mikoro, don wuta kan ɗauke, mai tsoro kuwa in lasifika ta mutu a tsakiyar magana sai ya ɗauka alama ce daga sama. Ruwa a kusa, takarda a kan tebur ba a hannu ba, don rawar hannu a takarda take fara nunawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai muka shiga "ban cancanta ba", inda rana ta tafi. Tambayata ɗaya ce: ɗana, da me? In mutum ya iya kiran abin da sunansa, Ruhu Mai Tsarki ne ke tsawata masa, kuma akwai abin yi. In ya yi ta kewaye, "ni dai ba kowa ba ne, ni dai ba kamar wane ba", babu laifin da za a tuba a kai, nauyin zuciya ne kawai, ba ya hana aiki.

Telan ya yi shiru, can ya ce akwai ɗinkunan mutane a shagonsa da ya karɓi kuɗinsu tun kafin Sallah, kullum yana ce musu gobe. "Baba, wa zai saurari tela yana wa'azi a kan gaskiya?" Wannan amsa ta fi mini daɗi da duk wata tawali'un baki. Matiyu 5:23-24 ta ce a bar baiko gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna, Zakka mai karɓar haraji kuma a Luka 19:8 da mayar da abin mutane ya fara. Muka jera ɗinkunan a kaye, wato littafin rubutu, mai shi, da ranar da za a iya gamawa da gaske. Wanda ba zai iya ba ya mayar da yadi da kuɗi, ya je da ƙafarsa, ba saƙon WhatsApp ba. Na ce masa Laraba ta jira, a ɗaga wa'azin mako biyu. A gari kamar Tawa, inda maƙwabcinka Musulmi ya san ciki da bai na sana'arka, kyakkyawar shaida daga waɗanda ba ƴan ikilisiya ba, wadda 1 Timoti 3:7 ke nema, ba ƙaramin abu ba ce.

Nata na uwar kuwa irin na biyun ne. Ba ta yi lakol ba, da girmanta ta koyi karatun Hausa, a zumuntar kuma akwai ungozoma da malamai. Na tuna mata Musa, wanda ya kawo uzuri bayan uzuri a Fitowa 3 da 4, har da nauyin baki, Allah bai ce masa ƙarya yake ba, ya dai haɗa shi da Haruna. Gidiyon ma da dare ya rushe bagaden Ba'al saboda tsoron gidan ubansa da mutanen gari, da bayinsa 10, aikin kuwa ya yiwu. Na ce, "Inna, ba don karatu suka zaɓe ki ba. Ke ce ake kira in haihuwa ta zo da dare, ke ce ke shiga tsakanin miji da mata." Abin da take bukata sakatariya ce mai karanta nassi da rubuta bayanin taro, da ma'ajiya dabam. Kuɗin zumunta kada ya kwana a hannunta. Mata biyu su ƙirga a gaban jama'a, a rubuta a kaye, a karanta jimla a ƙarshen kowane wata. Shugabannin mata da na ga sun sauka da hawaye, zancen kuɗi ne ya sauke su, ba tuntuɓen karatu ba. Ta yarda ta riƙe wata 6, sa'an nan a sake zama.

Abin da ke ba ni haushi da mu manya shi ne yadda muke jefa wa irin waɗannan 2 Timoti 1:7, cewa Allah bai ba mu ruhun tsoro ba, mu tura su bagade su yi minti 40. Ayar gaskiya ce, amma Bulus da ya rubuta ta shi ne ya gaya wa Korintiyawa cewa da rauni da tsoro da rawar jiki ya zo musu. Akwai matakai: karatun nassi a sujada, sai addu'ar baiko, sai ajin yara, sai addu'ar gida-gida, sai wa'azin Laraba, Lahadi daga baya. A kowane mataki wani babba ya zauna ya ji, ya faɗi abu biyu da suka yi kyau da ɗaya da za a gyara, ɗaya kawai. Ni wanda ba ya jin tsoro ko kaɗan shi ya fi tayar mini da hankali, don haka ne 1 Timoti 3:6 ta hana a ɗora sabon tuba a kan shugabanci.

Malamin lakol tsoronsa na da tushe, ban kuwa rage masa shi da daɗin baki ba. Kiristoci a Nijar ba mu kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma ba wanda ya manta 16 da 17 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ga dangi, ga albashin da zai bari. Mishan ɗin SIM ta buɗe asibitin Galmi tun 1950, amma har yau ikilisiyoyin ƙauyukan yankin nan ƙanana ne, baikon Lahadi kaɗai ba ya ciyar da gidan fasto, da gona ko sana'a ake haɗawa, yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti a Korinti. Na ce ya zauna da mai ɗakinsa su lissafa buhun hatsin shekara, kuɗin haya, lakol ɗin yara da magani, su kawo wa dattawa a rubuce, ikilisiya ita ma ta faɗi nata a rubuce. Babansa ya ji daga bakinsa, a zaure, kafin ya ji a bakin gari. Kada ya ajiye aikin gwamnati kafin ya riƙe ajin matasa shekara guda a ga amfaninsa. Kira ba jin zuciyar mutum ɗaya ke tabbatar da shi ba. A Antakiya ikilisiya ce ta yi azumi ta ɗora wa Barnaba da Shawulu (wato Bulus) hannu, Timoti ma ƴan'uwa na Listira da Ikoniya ne suka shaide shi.

Mun tashi bayan azahar. Malamin zai ba da amsa bayan an gama girbi. Telan ya zaɓi Luka 5:1-11, inda Bitrus ya ce wa Yesu ya rabu da shi don shi mai zunubi ne. Zai zo marecen Talata mu gwada, da kayen ɗinkunan a hannunsa. Saura in samo wanda zai yi masa tafinta, don mai yi mana ya tafi Ƙonni.