Ɗan fensirin da ya kai ɗalibai hanyar Daura

Ranar wata Asabar da hantsi ina karin kumallo waya ta yi ƙara. Shugaban wata cibiyar koyar da sana'o'i ne a nan Katsina, wadda na gina wa shafin intanet bara. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ya ce, "Malam, me ya kai ajin ɗinki Daura?" Wasu mata biyu sababbin ɗalibai ne suka kira shi daga Mashi, suna cikin mota, suna tambayar inda za su sauka idan sun isa. Alhali ajinsu yana nan wajen Ƙofar Ƙaura, malamarsu na zaune gaban keke tana jiransu.

Na ajiye kofin koko na buɗe kwamfuta. Ajin ɗinki, Daura. Ajin saƙa, Daura. Gyaran waya, girke-girke, haɗa sabulu, duk Daura. Azuzuwa tara, a dare ɗaya shafin ya kwashe su ya kai wani gari.

Da na isa cibiyar na tarar da sakatariya idonta ya yi ja. Ta ce, "Wallahi Malam, aji ɗaya na taɓa." Gaskiya ta faɗa. Ajin haɗa sabulu ne aka gayyata Daura na mako ɗaya, aka ce ta gyara a shafi. Na ce, "Malama, nuna mini yadda kika yi, kada ki tsallake komai." Ta buɗe fom ɗin ajin, ta gangara zuwa akwatin da aka rubuta wuri. A gefensa akwai ɗan fensir ruwan ɗorawa da alamar ƙari koriya. Ta ɗora kibiya a kan fensirin ta ce, "Nan na danna." Wata ƙaramar taga ta buɗe da adireshin a ciki, ta goge, ta rubuta na Daura, ta adana. Duk wanda ka ba wannan fom haka zai yi. Kana cikin takardar aji, ka ga fensir kusa da wuri, me zai sa ka yi zaton wurin ba na ajin ba ne?

Da Django, wata manhajar gina shafukan intanet, na gina shafin. A cikinsa adireshin cibiyar sau ɗaya aka rubuta shi, a teburinsa na daban cikin ma'ajiyar bayanai, kowane aji kuma lambarsa kawai yake riƙe da ita. Tsarin yana da kyau, kuma har gobe haka zan gina: ranar da cibiya ta tashi daga gidan haya ta koma wani, wuri ɗaya za a gyara, kowane aji ya bi. Inda gizo ke saƙar shi ne fom ɗin ba ya gaya wa mai cikewa cewa kayan na tarayya ne. Tun fitowar Django 1.8 a 2015 ake saka wannan fensir a gefen irin waɗannan akwatuna don sauƙaƙa aiki. Kuma akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ƙaramar tagar da kanta take adanawa. Ko da Malama ta fasa, ta rufe fom ɗin ajin ba ta adana ba, adireshin ya riga ya canja a kan kowa.

Shugaban ya so ya yi mata faɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan akwai laifi nawa ne." Fensirin ba ya fitowa sai ga wanda aka ba izinin gyara wurare, ni kuma ranar da na miƙa shafin na ba ta izinin komai don kada a riƙa kirana a kan kowane ƙaramin abu. Sauƙin da na nema wa kaina shi ya sa mata biyu suka kashe kuɗin mota, suka rasa darasin farko.

Maido da adireshin ma sai da ya ba ni wahala. Tarihin da Django ke ajiyewa da kansa yana nuna wanda ya yi gyara, da lokacin, da akwatin da ya taɓa, amma ba ya ajiye abin da ke rubuce kafin gyaran. Sai a wata tsohuwar sanarwa da ke yawo a WhatsApp na samo cikakken kwatancen. A daren na saka django-simple-history, wanda ke ajiye tsohon rubutu duk sa'ad da aka canja wani abu.

Sannan na koma kan fom ɗin. Na janye izinin gyara wurare daga masu shigar da azuzuwa, na bar musu na dubawa kawai, wanda aka ƙara tun Django 2.1 a 2018. Fensirin ya ɓace. Yanzu za su iya zaɓar wuri daga jeri, amma ba za su iya taɓa cikinsa ba. Na kuma hana goge duk wurin da wani aji ke amfani da shi.

Sai dai kulle ƙofa kaɗai bai biya buƙata ba, kuma a nan na fi daɗewa ina tunani. Malama ba don wasa ta danna fensirin ba. Aiki aka ba ta, fom ɗin kuma ba shi da gurbin wannan aikin. Idan na kulle na tafi, gobe za ta rubuta "a Daura za a yi" a cikin sunan ajin, ko ta ƙirƙiri sabon wuri duk mako har jerin ya cika da adireshi iri ɗaya kala biyar. Don haka na ƙara wa kowane aji akwatinsa na kansa, na sa masa suna "wurin wucin gadi", da ranar da zai daina aiki. Idan an cike shi, shi ke fitowa a shafi, ranar ta wuce kuma aji ya koma gida da kansa.

A kan fom ɗin wurin kuwa, can sama da jan rubutu, na sa gargaɗi: "Azuzuwa 9 ne ke amfani da wannan wuri. Abin da aka canja a nan zai canja a kansu duka." Sunayen azuzuwan na jere a ƙasa, kuma lambar tana ƙirga kanta. Da Hausa na rubuta shi da gangan. Malama tana jin Turanci sarai, amma ido ya saba tsallake gargaɗin Turanci a kwamfuta, na Hausa kuwa sai ya tsaya.

Masu aiki da WordPress, wata manhajar gina shafuka ta daban, kada su ce abin bai shafe su ba. Tun 2018 akwai tubalan da ake sakawa a shafuka da yawa, waɗanda gyaran ɗaya ke bin sauran. A 2023, a fitowa ta 6.3, an canja musu suna zuwa wanda ke nuna a haɗe suke. Idan kana son gyara na shafi ɗaya kaɗai, sai ka fara cire shi daga haɗin.

Shugaban ya ce to ni kaɗai in riƙe izinin gyara wurare. Ban yarda ba. Wata rana ina hanyar Kano, ko babu sabis, ko wayata ta mutu ba wuta, cibiya ba za ta tsaya jirana ba. Muka ba shi da mataimakiyarsa, na zauna da su muka gwada sau biyu a gabana. Matan nan biyu an mayar musu da kuɗin motarsu, na roƙa a cire daga kuɗin aikina.

Jiya ina sake duba fom ɗin na ga akwatin malamai ma yana da nasa fensirin, kuma malama ɗaya ce ke koyar da ɗinki da saƙa, lambar wayarta na fitowa a azuzuwan biyu. Ranar Litinin in sha Allahu da shi zan fara.